Ƙafar da Ba Ta Motsa Ba

Na sauka Parakou da takalmi mai kyau. Na fata ne, sau-ciki, na saye shi a kasuwar Dogondutsi don kada mutanen wata ƙasa su raina ni. Wuni ɗaya bai cika a ƙafata ba.

A tashar mota wani mutum mai jar hula ya ji ina Hausa, ya zo ya kama hannuna kamar ya san ubana. Ya ce akwai aikin gadi a wani kanti a unguwar Guéma, mai kantin ma ɗan wajenmu ne. Ya saya mini koko da ƙosai. Da azahar ta yi ya kai ni masallaci, ya ce in kawo jakata ya riƙe mini, shi ya riga ya yi tasa sallar. Katin shaidata yana cikin jakar. Na cire takalmi na ajiye kusa da ƙafarsa. Da na sallame na fito, ba shi, ba jaka, ba takalmi. A inda na ajiye nawa sai wasu tsofaffin silifas, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Har yau ban sani ba ko shi ne ya bar mini su don tausayi, ko wani ne ya manta da su.

Abin da ya rage mini shi ne almakashi da 'yar aska, don su kullum a aljihu suke kwana. Yankan farce na gada wurin kawuna. Na baro gida ne da niyyar in rabu da sana'ar, in sami aikin da ba sai na durƙusa gaban kowa ba. Allah bai nufa ba.

Ina zaune a bakin masallacin nan ina kallon silifas, sai na ji ƙarar almakashi, ƙyas-ƙyas-ƙyas, irin wadda muke yi don a san muna wucewa. Wani siriri ne mai suna Garba, mutumin Tawa. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata.

“Mai jar hula ne?”

Na ce shi ne.

“Ya saya maka ƙosai?”

Na ce ya saya.

“To ka gode Allah. Ni ruwa kawai ya ba ni.”

Garba ya ba ni 'yar kujerar tsuguno da kwalbar ruwan sabulu da guntun soso, ya raba mini tabarmarsa a wani zaure a Guéma. Wata biyu na yi tare da shi. Na koyi cin sakwara, na koyi kauce wa masu babur, na koyi cewa idan ka yi tuntuɓe a garin nan sai ka ji mutanen da ba su san ka ba suna ce maka “dusuma”, wato ka bi a hankali. Ranar da na fara jin haka na waiwaya ina neman wanda ya san ni.

Amma mu masu almakashi mun yi yawa a Parakou. Sai ka zaga tun hantsi har la'asar, duk ƙafar da ka gani wani ya riga ka. Garba ya ce in gwada Djougou, garin masallatai ne, ranar Juma'a da safe har layi ake yi. Ban shiga mota ba, saboda ina tsoron a tambaye ni takarda a hanya ba ni da ita. Na ce ƙafa ta kawo kakanninmu, ni ma za ta kai ni.

Kwana biyar na yi. Ina tafiya gefen kwalta, manyan motocin auduga suna wuce ni da iska mai zafi. Duk ƙauyen da na shiga sai in kaɗa almakashi, wani ya ba ni doya gasasshiya, wani ya ba ni wurin shimfiɗa. A Bétérou, kusa da gada, igiyar shuɗin silifas ta tsinke. Wata mata mai sayar da busasshen kifi ta karɓa, ko da yake ba ma jin harshen juna. Ta zare wata 'yar ƙusa daga teburinta, ta soke igiyar daga ƙasa, ta miƙo mini. Da ta sunkuya na ga diddigenta duk faso, irin na mahaifiyata sak. Na tuna yadda nake zama da damina ina shafa mata man kaɗe, tana cewa in daina yi mata cakulkuli. Na juya na fuskanci kogi don kada matar ta ga idona.

Ƙusar ta riƙe takalmin, amma ta ci mini tafin ƙafa. Daga kwana na huɗu da ɗingishi nake tafiya.

Na shiga Djougou ranar Laraba da la'asar. Tsofaffin garin Zugu suke cewa. Na zauna jikin wani tsohon zaure don in huta, ban san gidan wa ba ne. Wani dattijo yana ciki a kan buzu, da faranti na goro a gabansa yana tsince masu tsutsa. Bai dubi fuskata ba. Ƙafata ya duba, sannan ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

“A kawo ruwan baƙo!”

Na ɗauka na sha ne. Sai ga daro da ruwan ɗumi da gishiri, da ɗan kasko na man kaɗe. Na ce, “Baba, ba ka ma tambayi sunana ba.”

“A gidan nan sai an wanke ƙafa ake tambayar suna,” in ji shi. “Kakana fatake yake saukarwa, masu zuwa Gwanja ɗauko goro. Mutum ya taka wata biyu, ka tsaya kana tambayarsa ɗan gidan wa? Sa ƙafarka.”

Na sa. Ya matso da kansa, ya kama ƙafar tawa ya juya ta kamar mai duba goro. Ya danna inda ƙusa ta ci, na zabura.

“Madalla, tana da rai. Daga Parakou kake, a ƙasa. Amma ba can aka haife ka ba, wannan diddigen yashi ya taka. Kuma takalmin nan ba naka ba ne, ko ɗaya.”

Sunansa Baba Isufu. Da na faɗa masa ni Mamman ne daga ƙasar Arewa ta wajen Dogondutsi, sai ya sa mini Ba'are, wato mutumin Arewa, bai ƙara kirana da wani suna ba. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure. Kwana tara yana sa a kawo ruwan nan safe da yamma, har ramin ya cike.

Shekara guda na yi a gidansa ina fita aiki ina dawowa. Garba bai yi ƙarya ba, Djougou akwai ƙafafu. Na fara aika wa matata Hadiza abin cefane, na sayi takalmi. Duk Juma'a da safe kafin in fita, Baba Isufu nake fara yi wa, hannu da ƙafa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana koyarwa a Parakou, matan ƙannensa ne suke dafa masa. Yana ba ni labarin jakuna da huhunan goro da mafasa, ni kuma ina ba shi labarin gonar gero.

Dole in bayyana yadda muke aiki, don a gane abin da ya faru. Idan mutum yana da kanta a ƙafa, fatar nan mai tauri da ke fitowa a ƙasan yatsa, da aska muke fere ta, kaɗan-kaɗan. Ba mu da ma'auni. Kawuna ya koya mini cewa ƙafa ce take faɗa maka inda za ka tsaya. Kana riƙe da ita a hannun hagu, da zarar aska ta kusa fata mai rai sai ka ji yatsa ya ɗan motsa, tun kafin mai ƙafar ya ce wash. Nan za ka ɗaga aska. Shekara ashirin ina bin wannan, bai taɓa ba ni kunya ba.

Wata Juma'a Baba ya nuna mini kanta a ƙarƙashin babban yatsansa na dama. Ya ce tana tokare shi a cikin takalmi, in rage masa. Na jiƙa ta da ruwan sabulu na fara. Na fere, na jira. Shiru. Na ƙara, na jira. Yatsan yana kwance a hannuna kamar na mai barci. Na ce a raina ashe da saura. Sai da na ga ja ya tsattsafo sannan na tsaya.

“Baba, na taɓa ka. Ba ka ji ba?”

“Me zan ji? Jinin madugai ne a jikina.”

Na yi dariya, har na yaba masa. Na danna auduga, jinin ya tsaya. Ɗan wuri ne, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya sa takalminsa muka tafi masallaci.

Washegari na tafi Kolokondé, lokacin haƙar doya ne, manoma suna da abin hannu. Kwana takwas na yi can ina bin gonaki da kasuwa.

Tun daga bakin zaure na ji warin. Baba yana kwance, ƙafar ta kumbura har idon sawu, yatsan ya yi baƙi-baƙi. An shafa masa wani ƙullin ganye. Wata mata tana tsaye da tabarau da jaka a kafaɗa, tana yi wa matan gida faɗa cikin Faransanci da Dendi, yaren garin. Ita ce 'yarsa, Malama Salamatu. Da ta ga kujerata da almakashi sai ta juyo da Hausa.

“Kai ne?”

Na ce ni ne.

Ta kama hannun rigata ta ja ni cikin ɗakin Baba, ta nuna mini wata takarda a manne jikin bango, bayan ƙofa. Na san takardar. Akwai hoton ƙafa a jiki. Sau nawa na share ɗakin nan ina ganinta, na ɗauka tallar takalmi ce.

“Karanta!”

Na ce ban iya ba.

“Likita ne ya ba shi. Yana da ciwon suga shekara bakwai. Ƙafarsa ba ta jin zafi, ko wuta ya taka. An rubuta kada a kusance ta da reza ko aska. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, a gaban idonka!”

Daga kan gado Baba ya ce, “Salamatu, ni na sa shi.”

“Kai ma zan zo kanka, Baba.”

Ashe ya ɓoye wa kowa, ban da 'yarsa. Ba ya son a hana shi shayi, ba ya son a riƙa yi masa kallon majiyyaci. Yatsan nan da na jira ya yi mini magana, ya daɗe da daina magana.

A ranar ta ɗauki mota ta kai shi Parakou. Ba wanda ya ce in biyo su. Na bi su a motar haya da safe, ban ma tuna da maganar takarda ba. Hanyar da na taka kwana biyar, kafin azahar mun cinye ta.

Na sami Garba a Guéma na faɗa masa. Ya ajiye almakashi.

“Mamman, saurare ni. Ba ka da takarda, ba ka da dangi a nan. Idan suka yanke ƙafar tsohon nan, kai za a nema. Motar Malanville, ta bakin iyaka, tana tashi kullum. Jibi kana gaban Hadiza.”

Ba zan ɓoye ba, na je har tashar. Na tsaya ina kallon ana ɗaure kaya. Shekara da wata biyu ban ga 'ya'yana ba. Amma duk inda na sa ido sai in ga daron nan da ruwan ɗumi. Na dubi tafin ƙafata inda ƙusa ta ci, ya warke sumul. Na juya.

A asibiti likita ya ce yatsan ya riga ya mutu, sai an cire. Sauran ƙafar kuma za a gani. Idan ruɓar ta tsaya, to. Idan ta haura, za a yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce abu biyu ne za su taimaka bayan magani: a wanke ciwon kullum, kuma kada ƙafar ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya, ko da zuwa ban ɗaki ne.

Aka cire yatsan. Bayan mako guda aka sallame shi zuwa gidan Malama a unguwar Ganou, da sharaɗin a riƙa kawo shi wanki kowace safiya. Na je gidan. Ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, abin da ka yi bai isa ba?”

Na ce ban zo da aska ba. Ta rufe ƙofa.

Na zauna ƙarƙashin wani mangwaro da ke kallon gidan. Washegari na dawo, da jibi. Ba na sallama, ba na roƙo, zama kawai nake yi daga safe zuwa la'asar. Ina ganin yadda ake fama. Mijinta direba ne, yana hanya. Ita da wata maƙwabciya suke kinkimar Baba zuwa mota, suna haki, shi kuma don kunya sai ya sauke ƙafar ya taimaka musu. A rana ta uku na ga ya dafa ta ƙasa da bandejin da kome. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

“Dusuma, Baba! Ɗaga ta!”

Na durƙusa na ba shi baya. Ya kama kafaɗata. Bai fi buhun gero nauyi ba.

“Ba'are,” ya ce a kunnena, “ina ka shige? Matan nan za su karya ni.”

Malama ba ta ce shigo ba, ba ta kuma ce fita ba. Ta buɗe ƙofar mota kawai.

Kwana arba'in da wani abu ina goya shi. Daga gado zuwa ban ɗaki, daga ban ɗaki zuwa tabarmar salla, daga gida zuwa asibiti. Ni nake zuba masa ruwan alwala, ni nake riƙe ƙafar a sama idan ana wanki. Na daina fita aiki, Garba ne yake kawo mini abinci wani lokaci yana zagina. Kowace safiya idan mai jinya ta kwance bandeji, ni da Malama sai mu leƙa tare, kanmu har yana gwaruwa. Akwai wani jan layi a bayan ƙafar wanda likita ya zagaye da biro. Idan ja ya wuce zanen, shi ke nan. Mako biyu yana nan daram a bakin zanen, bai wuce ba, bai koma ba. Na taɓa jiran ruwan sama da gero a ƙasa, amma ban taɓa jira irin wannan ba.

A wurin jiran layi ne wata rana Malama ta ga ina kallon rubutun da ke bango. Ta ciro biro da bayan takardar magani.

“Wannan da ka gani kamar tsani, sunansa A. Riƙe biron. Ba haka ba, ai ba aska ba ce.”

Na ɗauka gori ne. Da na ɗaga kai na ga murmushi take yi, na farko.

A mako na uku ja ya ja da baya, kamar faɗin farce. Mai jinya ta kira likita, ya duba, ya danna, ya yi magana da Faransanci. Malama ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gyale. Baba ya ce, “Me ya ce? Za a yanke ko an bari?” Ta ce, “An bari, Baba.” Ni na fita waje na tsaya jikin bango.

Mun koma Djougou bayan wata biyu. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a unguwarmu, ni da masu sayar da goro da wasu mata biyu da suka fi mu duka ƙwaƙwalwa. Shekara uku ke nan. Ina da sabon katin shaida, da hannuna na sa masa suna. Na je gida sau biyu na dawo. Malama ta juya mini takardar bangon nan zuwa Hausa, layi bakwai, tana cikin aljihuna tare da almakashi. Yanzu duk wanda ya miƙo mini ƙafa sai na tambaye shi ko yana da suga. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Wanda ya ce bai sani ba, sai in taɓa tafin ƙafarsa da tsinken tsintsiya in ce ya rufe ido. Idan bai ji ba, ba na fito da aska, sai in ce ya je a auna shi.

Amma ƙafar Baba, da muka dawo na daɗe ban sake taɓa ta da ƙarfe ba. Wata shida ina wanke ta, ina tsane tsakanin yatsu, ina shafa mai a diddige, ina zazzage takalminsa kafin ya sa. Farce kuwa sai Malama ta zo daga Parakou take yanke masa, tana yi tana tsaki don ba ta iya ba.

Wata Juma'a da safe tana nan, ta ɗauko abin yankan farcenta na kanti. Baba ya janye ƙafarsa.

“Ke kina yi mini kamar ɓera ya ci. Ba'are, ɗauko kujerarka.”

Na ce, “Baba, ka yi mini rai.”

“Ɗauko, na ce.”

Na dubi Malama. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta mayar da abin cikin jaka.

“Yaya Mamman, layi na huɗu me ya ce?”

Na ciro takardar na buɗe. Na bi da yatsa, a hankali, yadda nake karatu har yanzu. A yanke farce a miƙe, kada a shiga gefe, a goge bakin da ɗan zarto.

“To bismilla,” in ji ta.

Na zauna. Ya ɗora ƙafar a kan gwiwata, ga gurbin yatsan nan ya warke ya yi santsi. Na ɗauki almakashi. Na san ƙafar nan ba za ta faɗa mini kome ba, ko na yi daidai ko na yi kuskure. Sai idona kawai.

Baba ya jefa goro a baki, ya jingina da bango.

“Me kake jira? Tara suka rage. Na ma rage maka aiki.”

Na share idona da hannun riga, na matso da ƙafar wajen haske, na fara da ƙaramin.